Tupua Tamasese Mea'ole na Ƙasar Samowa: Rayuwarsa da Gadon Siyasar Gidansu

1.0 Gabatarwa

A cikin watan Fabrairu na shekarar 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a Arewacin Kamaru, inda mutanen yankin suka zaɓi haɗewa da Nijeriya, aka kuma raɗa wa wurin suna Lardin Sardauna. Bayan wannan da wata uku, ranar 9 ga watan Mayu, aka yi irin wannan ƙuri'a a wasu 'yan tsibirai da ke can tsakiyar Tekun Fasifik, waɗanda a lokacin ake kira Samowa ta Yamma. Dalilin kamancin shi ne ƙasashen biyu duk Jamus ta taɓa mallakarsu, duk an ƙwace su daga hannunta a Yaƙin Duniya na Farko, duk kuma sun zama ƙasashen amana a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ita ce ta sa ido a kan ƙuri'un biyu. Iyakar abin da ya haɗa mu da su a tarihi ke nan. Sai dai akwai wata tambaya da muka sha tattaunawa a darussan al'ada, wadda su ma ta sha musu kai, watau wane matsayi za a ba sarautun gargajiya in Bature ya tafi ya bar majalisa da akwatin ƙuri'a?

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba amsar da mutanen Samowa suka bayar, ta hanyar bin rayuwar mutum guda wanda yake tsakiyar al'amarin, watau Tupua Tamasese Mea'ole, wanda aka haifa a 1905 ya rasu a 1963. Shi ne ɗaya daga cikin mutum biyu da suka fara shugabancin ƙasar bayan samun mulkin kai. Abin da nake so in nuna shi ne, tsarin da ya taimaka aka kafa ya ɗaukaka sarautar gidansu zuwa ƙololuwa, amma kuma ya raba ta da iko, har ta kai ɗansa na cikinsa ya kayar da mai riƙe da sarautar gidan a majalisa.

2.0 Ƙasar da Sarautunta

Samowa ƙasa ce ƙarama ƙwarai. Manyan tsibiranta biyu ne, Upolu da Savai'i, kuma babban birninta Apiya yana kan Upolu. A lokacin samun mulkin kai mutanenta sun ɗan haura dubu ɗari, a ƙidayar 2021 kuwa sun ɗan haura dubu ɗari biyu. Kusan dukkansu Kirista ne, tun zuwan 'yan mishan a 1830.

Ba za a fahimci siyasar ƙasar ba sai an fahimci kalmar matai. Kowane babban dangi, wanda suke kira aiga, yana da suna na sarauta da aka gada tun kaka da kakanni, kuma duk wanda dangi suka ɗora wa wannan suna shi ne matai. Shi ke kula da filayen dangi, shi ke raba aiki da abinci a lokacin biki ko rasuwa, shi ke zama a madadinsu a majalisar ƙauye da ake kira fono. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar noma ta gargajiya ce, ba a sayar da ita, tana bin sunan sarauta ne ba mutum ba. Matai iri biyu ne. Akwai ali'i, su ne masu alfarma, ba su cika yawan magana a bainar jama'a ba. Akwai kuma tulafale, masu jawabi, waɗanda ake gane su da doguwar sanda da izga. Kada mai karatu ya ɗauke su a matsayin maroƙa ko sanƙira. Su ne masu riƙe da asalin dangi da tarihinsu, kuma a hannun wasu gungu daga cikinsu ne ikon naɗa manyan sarautu yake. In dai sai an kwatanta, sun fi kusa da masu zaɓen sarki.

A bisa dukkan waɗannan sunaye akwai guda huɗu da suka fi kowanne girma, ana ce musu tama-a-aiga, watau 'ya'yan manyan dangogi. Su ne Malietoa, da Tupua Tamasese, da Mata'afa, da Tuimaleali'ifano. Abu ɗaya da ya kamata a riƙe tun yanzu, domin zai yi ta dawowa, shi ne ba dole ba ne sarauta ta sauka daga uba zuwa ɗa. Dangi ne ke zama su zaɓa, suna duba jini da hidimar da mutum ya yi musu. In sun kasa daidaitawa sai a tafi Kotun Filaye da Sarautu, wadda asalinta hukuma ce da Jamusawa suka kafa a 1903.

A ƙarni na 19 gasar waɗannan gidaje ta zama abin da Turawa suka yi amfani da shi. Jamus da Ingila da Amurka kowace ta ɗauki nata ɗan takara ta ba shi bindiga, aka yi ta yaƙin basasa. Kakan Mea'ole, Tupua Tamasese Titimaea, Jamusawa ne suka ɗora shi a matsayin sarkin ƙasar duka a 1887, bai kuwa daɗe a kai ba. A 1899 ƙasashen uku suka yi yarjejeniya, Jamus ta ɗauki tsibiran yamma, Amurka ta ɗauki na gabas, Ingila ta janye. Gwamnan Jamus, Wilhelm Solf, ya soke sarautar ƙasa baki ɗaya. Daga baya, a 1913, aka ƙirƙiro muƙamin Fautua, watau mai ba gwamna shawara, aka ba mutum biyu: mai riƙe da sarautar Malietoa, da Tupua Tamasese Lealofi na Farko, mahaifin Mea'ole. Wannan dabara ta zaunar da manyan gidaje biyu kafaɗa da kafaɗa, don kada ɗaya ya ɗara ɗaya, ita ce za mu sake gani bayan kusan shekara hamsin a cikin tsarin mulkin ƙasar.

3.0 Yadda Sarauta ta Faɗo Masa

An haifi Mea'ole a ƙauyen Vaimoso kusa da Apiya, ya kuma yi karatu a makarantar 'yan Katolika ta birnin. Yana ɗan shekara tara sojojin Niyu Zilan suka sauka a Apiya, a ƙarshen watan Agusta na 1914, suka karɓi ƙasar daga Jamusawa ba tare da harba bindiga ba. Shi ƙarami ne a cikin 'yan'uwansa maza, saboda haka ba wanda ya sa masa ran sarauta.

Abin da ya fara ɓata tsakanin mutanen Samowa da sababbin iyayen gijinsu shi ne annobar mura ta 1918, wadda mu ma ta taɓa mu a nan. Ranar 7 ga watan Nuwamba wani jirgin ruwa mai suna Talune ya iso daga Okland ɗauke da marasa lafiya, hukuma kuwa ta bar su suka sauka ba tare da killacewa ba. Cikin 'yan makonni mutum wajen 8,500 suka mutu, watau fiye da ɗaya cikin kowane mutum biyar. A tsibiran gabas da ke hannun Amurka gwamna ya rufe tashar jiragen ruwa, ba a rasa ko mutum guda ba. Mutane sun ga wannan bambanci da idonsu, ba su kuwa manta ba.

Sai kuma aka kawo Janar George Richardson a 1923. Mutum ne mai ganin ya fi mutanen ƙasa sanin abin da zai amfane su. Ya riƙa amfani da wata doka ta 1922 wadda ta ba shi ikon korar matai daga ƙauyensa da tuɓe masa sunan sarauta ba tare da shari'a ba. Ga wanda ya bi bayanin da ya gabata, zai ga inda gizo ke saƙa: sunan na dangi ne, su suka bayar, ta yaya baƙo zai karɓe? Cikin waɗanda dokar ta hau kansu har da wan Mea'ole, Tupua Tamasese Lealofi na Uku, wanda aka kora a 1924 a kan maganar wani shingen furanni da aka ce ya cire ya ƙi.

Daga nan ƙungiyar Mau ta taso, tsakanin 1926 da 1927. Ma'anar kalmar ita ce ra'ayin da aka tsaya a kai, takenta kuwa shi ne Samoa mo Samoa, watau Samowa ta 'yan Samowa ce. Ba ta ɗauki makami ba. Abin da ta yi shi ne ƙin biyan haraji, da ƙaurace wa kotunan gwamnati da wasu kantunan Turawa, da ƙin yi wa haihuwa da mutuwa rajista. Babban mai ɗaukar nauyinta wani attajiri ne ɗan kasuwar busasshiyar kwakwa, Olaf Frederick Nelson, wanda mahaifinsa mutumin Suwidin ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar Samowa, yana kuma riƙe da sarautar Taisi. A 1928 aka kore shi daga ƙasar. Ya ɗauki takardar koke mai sa hannun mutum kimanin 8,000 ya kai Janeba, ga tsohuwar Ƙungiyar Ƙasashen Duniya, aka hana shi ko da damar magana. A gida kuwa shugabanci ya koma hannun Lealofi na Uku, kuma Vaimoso ta zama hedkwatar ƙungiyar. Shi ma ya yi zaman kurkuku na wata shida a Okland.

Ranar Asabar, 28 ga watan Disamba 1929, 'yan Mau suka yi jerin gwano cikin Apiya don tarbar wasu magoya bayansu biyu da suka dawo daga gudun hijira. 'Yan sanda suka nemi kama wani daga cikin masu tafiya, aka fara kokawa, sai suka buɗe wuta, har aka harba bindiga mai ruwa daga ofishinsu. Lealofi ya fito gaba yana ɗaga hannu yana cewa a natsu, harsashi ya same shi ta baya. Aƙalla mutum takwas 'yan ƙasa suka mutu, da ɗan sanda guda. Shi kuwa Lealofi ya kwana, washegari ya cika, bayan ya bar wasiyyar cewa kada a ɗauki fansar jininsa, a riƙe zaman lafiya ko da me zai ci. Wannan rana ita ce mutanen ƙasar ke kira Baƙar Asabar. Sai a 2002 Firayim Ministar Niyu Zilan, Helen Clark, ta je Apiya ta nemi gafara a kan wannan da kuma annobar 1918.

A haka sarautar Tupua Tamasese ta faɗo wa Mea'ole yana da shekara 24. Ɗan marigayin a lokacin yaro ne ɗan shekara bakwai.

4.0 Daga Titi Zuwa Teburin Shawara

A nan ne nake ganin ya kamata a tsaya a yi wa Mea'ole adalci, domin masu ba da labari sun fi son wanda ya mutu a fagen fama bisa ga wanda ya rayu ya yi ta zaman kwamiti. Ya gaji suna mai jini a jikinsa, a lokacin da gwamnati ta haramta ƙungiyar, ta kawo jirgin yaƙi, maza suka shiga daji, mata suka ci gaba da jerin gwano a madadinsu. Da ya ce a rama, da ya sami mabiya, da kuma an murƙushe su cikin mako guda, domin ba su da abin da za su tari bindiga mai ruwa da shi. Da kuma ya miƙa wuya ya karɓi albashi, da dangi sun tofa masa yawu. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tsaya cikin Mau, shugabancinta kuwa a wannan lokaci yana hannun Mata'afa Faumuina Mulinu'u na Farko, wanda ya girme shi. A 1934 ya auri Noue, 'yar Nelson, a shekarar da aka sake korar surukin nasa daga ƙasar. Auren ya haɗa gidaje biyu da suka fi kowa shan wahala a wannan gwagwarmaya.

Sauƙi ya zo ta inda ba a zata ba. A 1935 jam'iyyar Leba ta ci zaɓe a Niyu Zilan, a 1936 ta aiko da tawagar sulhu, aka ɗage haramcin Mau, aka bar Nelson ya dawo gida. Mea'ole ya shiga Majalisar Dokoki ta lokacin, a 1938 kuma aka naɗa shi Fautua, muƙamin da mahaifinsa ya taɓa riƙewa. Wani zai ce ai shiga gwamnatin da ta kashe wansa ya yi. Haka ne. Amma abin dubawa shi ne me ya yi da kujerar. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, Niyu Zilan ta shirya sa ƙasar cikin tsarin amana na Majalisar Ɗinkin Duniya ba tare da ta tuntuɓi masu ƙasa yadda ya kamata ba. Sai shugabannin Samowa, da Fautua a gabansu, suka taru a ƙarshen 1946 suka aika wa Majalisar koke suna neman mulkin kai. Wannan karon ba a rufe musu ƙofa ba kamar yadda aka yi wa Nelson a Janeba. A 1947 tawagar Majalisar ta zo ta ji ta bakinsu, a wannan shekara kuma aka yi dokar da ta kafa sabuwar majalisa mai rinjayen 'yan ƙasa, da wata Majalisar Ƙoli inda Fautua ke zama da wakilin Niyu Zilan. Ranar 1 ga watan Yuni 1948 aka ɗaga tutar ƙasar, wadda shi da Malietoa Tanumafili na Biyu suka tsara. Ana bikin 'yancin ƙasar a ranar 1 ga Yuni, ko da yake a watan Janairu aka same shi.

5.0 Tsarin Mulkin 1960

An yi manyan tarurruka biyu na tsara mulki, ɗaya a 1954, ɗaya a 1960, kuma Mea'ole da Malietoa su ne suka shugabance su. Akwai mashawarta Turawa, musamman masanin tarihi J. W. Davidson wanda 'yan ƙasar suka ɗauka da kansu, amma matsalolin da aka warware na gida ne. Guda biyu sun fi muhimmanci.

Ta farko ita ce wa zai zama shugaban ƙasa. Manyan sarautu huɗu ne, kujera ɗaya ce, kuma kowa ya san jinin da aka zubar a ƙarni na 19 a kan wannan tambaya. Sai aka koma ga dabarar Fautua: Tupua Tamasese Mea'ole da Malietoa Tanumafili na Biyu za su riƙe muƙamin tare, muƙamin da aka kira O le Ao o le Malo, har iyakar rayuwarsu. In ɗaya ya rasu ɗaya ya ci gaba shi kaɗai. In shi ma ya rasu, daga nan majalisa ce za ta riƙa zaɓen shugaba na shekara biyar biyar. Mai riƙe da sarautar Mata'afa, watau Fiame Mata'afa Mulinu'u na Biyu, ya riga ya zama Firayim Minista tun watan Oktoba 1959. Mai sarauta ta huɗu kuwa aka ba shi wuri a Majalisar Mataimakan Shugaban Ƙasa. Kowane gida ya sami inuwa.

Amma a lura da abin da Mea'ole ya yarda da shi. Shugaban ƙasa a wannan tsari ba ya mulki. Yana sa hannu a kan doka, yana rantsar da gwamnati, yana aiki bisa shawarar Firayim Minista. Kuma ba a rubuta cewa kujerar ta gidan Tupua ko ta gidan Malietoa ce ba. Watau ya karɓi girma na ransa kaɗai, bai ɗaure ƙasar da zuriyarsa ba. A ganina wannan shi ne aiki mafi nauyi da ya yi, domin maƙwabciyarsu Tonga sarautar gado take bi, misali kuwa yana nan kusa ga mai son kwaikwaya.

Matsala ta biyu ita ce wa zai jefa ƙuri'a. A nan taron ya tsaya kai da fata cewa matai ne kaɗai za su zaɓa, su ne kaɗai za a zaɓa. Cikin kujeru 47 na majalisa, 45 na matai ne, biyu kuwa aka ware wa 'yan ƙasa masu asalin Turai da sauran waɗanda ba sa cikin tsarin dangi. Hujjarsu ita ce an riga an zaɓi matai a cikin gida, saboda haka ƙuri'arsa ta dangi ce gaba ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta gamsu ba sosai, shi ya sa ta nace a kai maganar gaban kowane baligi, namiji da mace. Wannan ita ce ƙuri'ar 9 ga Mayu 1961 da muka fara da ita. Abin mamaki, jama'a suka fito suka amince da rinjaye mai yawa da tsarin da zai hana yawancinsu sake jefa ƙuri'a.

Ban ga dalilin ɓoye aibin wannan shawara ba. Mata kaɗan ne ke riƙe da sarauta, saboda haka kusan dukkansu an bar su a waje, haka ma samari marasa suna waɗanda su ke noma da kamun kifi. Bugu da ƙari, abin da aka yi don kare sarauta shi ya zo ya rage mata daraja. Da 'yan takara suka gane cewa kowane matai ƙuri'a ce, sai aka shiga tsaga suna ɗaya ana raba wa mutum da yawa, ana tono sunayen da aka daɗe da mantawa, ana naɗa mutane don ranar zaɓe kawai. Haka aka yi ta fama har 1990, lokacin da aka yi wata ƙuri'ar raba gardama aka ba kowane ɗan shekara 21 damar zaɓe, da ɗan ƙaramin rinjaye. An fara aiki da wannan a zaɓen 1991, amma tsayawa takara aka bar wa matai.

Ranar 1 ga watan Janairu 1962 Samowa ta Yamma ta sami mulkin kai, ita ce ta farko a cikin tsibiran Fasifik da aka yi wa mulkin mallaka. Mea'ole bai daɗe a kujerar ba. Ya rasu ranar 5 ga watan Afrilu 1963, bayan wata goma sha biyar kacal, yana da shekara 57. Abokin zamansa Malietoa kuwa Allah ya ja kwanansa, ya riƙe muƙamin shi kaɗai har shekara 44.

6.0 Ɗan Wa da Ɗan Ƙane

Da Mea'ole ya rasu, sarautar ba ta tafi ga ɗansa ba. Ta koma ga ɗan wansa, yaron nan da aka kashe mahaifinsa a Baƙar Asabar, wanda ya girma ya yi karatun likita a Fiji. Shi ne Tupua Tamasese Lealofi na Huɗu. Ya shiga majalisa, a 1970 ya karɓi kujerar Firayim Minista daga hannun Mata'afa, a 1973 Mata'afa ya sake karɓewa, da Mata'afa ya rasu a kan mulki a 1975 kuma aka sake miƙa wa Lealofi. Watau shekara goma sha huɗu na farkon 'yanci, kujerar ba ta fita daga hannun tama-a-aiga ba. Babu dokar da ta ce haka. Kunya ce da girmamawa, domin 'yan majalisa duk matai ne, kuma yana yi wa ƙaramin matai nauyi ya tsaya takara da wanda a al'ada shi ke zaune a gabansa.

Wanda ya karya wannan al'ada ɗan Mea'ole ne. An haifi Efi a 1938, jikan Nelson ne ta wajen uwa, ya yi karatu a Niyu Zilan, ya shiga majalisa a tsakiyar shekarun 1960, aka kuma fi saninsa da sarautar Tupuola, wadda ba ta cikin manyan huɗu. A 1976 ya tsaya takarar Firayim Minista da Lealofi na Huɗu, ɗan wan mahaifinsa, mai riƙe da sarautar gidansu, ya kuma kayar da shi. Shi ne na farko da ya hau kujerar ba tare da yana tama-a-aiga ba. Lealofi ya bar majalisa ya koma Majalisar Mataimakan Shugaban Ƙasa.

Ana iya karanta wannan ta fuska biyu. Mai ganin baiko zai ce ai duk gida ɗaya ne, tuwona maina, an canza hannu ne kawai. Akwai gaskiya a ciki, domin da wuya a ce sunan mahaifinsa da na kakansa ba su share masa hanya ba, kuma wataƙila ɗan gida ne kaɗai zai iya yin wannan ƙarfin hali a wancan lokaci ba a ce ya yi rashin kunya ba. Amma ƙofar da ya buɗe ba ta sake rufuwa ba, kuma shi ta fara ci. A 1979 abokan hamayyarsa suka kafa jam'iyyar HRPP, jam'iyyar siyasa ta farko tun samun 'yanci, a wannan shekara kuma da ƙyar ya tsira da kujerarsa. A 1981 ma'aikatan gwamnati suka yi yajin aiki na kusan wata uku a kan albashi da tsadar rayuwa, abin da ya karya gwamnatinsa. A 1982 ya faɗi, ya ɗan dawo na 'yan watanni bayan wata shari'ar zaɓe, majalisa ta ƙi amincewa da kasafin kuɗinsa, ya sauka. Daga nan mulki ya koma hannun 'yan jam'iyya irin su Tofilau Eti Alesana, da Tuila'epa Sa'ilele Malielegaoi wanda ya yi Firayim Minista daga 1998 zuwa 2021, ba kuwa ɗayansu da ke riƙe da ɗaya daga cikin manyan sarautu huɗu. Wadda ta karɓa daga Tuila'epa a 2021, Fiame Naomi Mata'afa, mace ta farko a kujerar, 'yar Firayim Minista na farko ce, amma ita ma ta hanyar jam'iyya da ƙuri'ar kowa da kowa ta hau.

Lealofi na Huɗu ya rasu a 1983. Bayan 'yan shekaru ana jayayya, wadda ta kai har Kotun Filaye da Sarautu, sarautar Tupua Tamasese ta tabbata ga Efi, aka kuma ƙara masa da tsohuwar sarautar Tui Atua. In aka bi jerin, za a ga ta tashi daga wa zuwa ƙane, daga ƙane zuwa ɗan wa, daga ɗan wa zuwa ɗan ƙane, kowane reshe ya ɗana. Ya daɗe yana jagorancin 'yan hamayya a majalisa, bai sake zama Firayim Minista ba. A wannan tsakani ya juya ga rubuce-rubuce a kan harshen Samowa da al'adunta da addinin gargajiyarta, cikin harshensu da kuma Ingilishi, har aka tattara wasu daga cikin maƙalunsa a littafi mai suna Su'esu'e Manogi. Mu ɗaliban harshe wannan ɓangare na rayuwarsa ya fi shafa, domin ya yi ta jan hankalin mutanensa ga kalmomi da karin maganar masu jawabi waɗanda 'yan boko suka fara mantawa.

Malietoa Tanumafili na Biyu ya rasu a watan Mayu 2007, ƙasar kuwa ta riga ta yar da kalmar "ta Yamma" daga sunanta tun 1997. A nan ne aka fara aiki da sashen tsarin mulkin da aka rubuta tun 1960 aka ajiye. Majalisa ta zauna ta zaɓi Tui Atua Tupua Tamasese Efi, ya hau kujerar da mahaifinsa ya bari shekara 44 da suka wuce, sai dai shi na wa'adin shekara biyar ne ba na rai ba. An sabunta masa a 2012. A 2017 majalisar, wadda jam'iyyar tsofaffin abokan hamayyarsa ke da rinjaye a cikinta, ba ta sake zaɓensa ba, ta ɗauko Tuimaleali'ifano Va'aleto'a Sualauvi na Biyu, mai riƙe da sarauta ta huɗu, ta kuma sake zaɓensa a 2022. Tsarin mulkin bai ce dole shugaban ƙasa ya fito daga manyan gidajen nan ba, amma daga 1962 zuwa wannan zaɓe na 2022, mutum huɗun da suka riƙe muƙamin duk daga cikinsu suka fito.